Kofin da Ba Mu da Shi

Iliya, da kai zan fara, tunda kai ne ka fi kowa riƙe abin a zuci. Rahila tana iya leƙowa ta kafaɗarka ta karanta, kamar yadda ta saba tun kuna yara. Na san abin da ake faɗa a layinmu na Sabon Gari har yau: wai ni na tashi teburin Asabar, na kunyata babanku a gaban abokansa, na raba tsoho da abu ɗaya tak da ya rage masa na jin daɗi. Ban taɓa musantawa ba, domin gaskiya ne na tashi teburin. Dalilin ne ban faɗa ba. Yana raye ba ni da ikon faɗa, bayan ya rasu kuma bakin ya yi mini nauyi. Yanzu da gwiwoyina suka zaunar da ni wuri ɗaya, na ga gara in rubuta kafin hannun ma ya bi sahunsu.

Babanku ba mashayi ba ne, ko da matan zumuntar coci ba su taɓa yarda da ni a kan wannan ba. Kwalba ɗaya takan kai shi yamma guda, wani lokaci ma ya bar saura. Abin da Allah ya ba shi harshe ne. A aikin reluwe ya same shi, tun yana saurayi, lokacin jirgi mai cin kwal, shi ne mai zuba wa inji wuta da ruwa. Duk tashar da jirgi ya tsaya shan ruwa, shi ma sai ya tara hannu ya sha. Da haka ya haddace ruwan ƙasar nan tun daga Kano har bakin teku, ya san na Kaduna, ya san na Jebba, ya san na Kafanchan da na Aba. Kakarku kuma, uwarsa, mai dafa burkutu ce a ƙauyenmu can kudancin Zariya, don haka ya san dawa a baki tun bai san haruffa ba. Yakan ce wa duk wanda ya zauna kusa da shi:

"Giya ai ruwa ce da hatsi. Kamfani ɗaya zai manna takarda iri ɗaya a kwalba, amma wadda aka dafa a Kaduna daban, wadda aka dafa a Ikko daban. Ruwan ba ɗaya ba ne."

Da ya yi ritaya, jirgin ma kusan ritayar ya yi tare da shi. Ni kuwa na riga na buɗe ɗan shagona a gaban gida: tebur huɗu, tukunyar farfesu, da firji ɗaya mai aiki ranar da aka ga dama aka kawo wuta. Ban taɓa sa giya a bakina ba, ko warinta ba na so, amma ita ta kai ku makaranta, kuma ba zan ji kunyar rubuta haka ba. A wannan shagon teburin Asabar ya kafu, ba wanda ya shirya shi. Da la'asar Oga Emeka zai rufe rumfarsa ta yadi a Kantin Kwari ya taho. Iyayensa daga gabas suke, amma shi a Sabon Gari aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi tawa karin Kano. Sai Bitrus, direban babbar mota mai kai atamfa Maraɗi da Garwa ta Kamaru da Kwatano, wanda bai taɓa dawowa ba tare da kwalba biyu ko uku a ƙarƙashin kujerarsa ba. Kafin a taɓa kofi sai an yi gardamar farashi, kuma gardamar ɗaya ce kullum, bakunan ne kawai suke tsufa.

"Ku a nan cutarku ake yi," in ji Bitrus. "A Garwa kwalbarsu ta fi taku tsawo, kuma da canjin aljihu ake shan ta."

"Wannan labarin da ne," in ji Oga Emeka. "Je ka canza sefa yau ka gani. Kuɗin kwalba ɗaya tasu sai ya saya maka biyu a wajen Madam. Naira ta faɗi ta mai da mu masu arha."

"To ta Maraɗi fa? Kamar magani ake sayar da ita."

"Ai dole. Daga Yamai take hawa mota. Rabin abin da ka biya na hanya ne."

Babanku yakan bar su su yi ta yi har makogwaro ya bushe, sannan ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa.

"Ku bar lissafin nan, kuɗi yau ya hau gobe ya sauka. Maman Iliya, a kawo kofi."

Ga yadda wasan yake. Duk wanda ya zo da kwalba sai ya miƙo mini a rufe. In shiga bayan labule, in karanta ƙananan rubutun da ke jikinta in ga garin da aka dafa ta, in zuba a kofi in kawo. Babanku zai ɗaga kofin ya duba da hasken rana, ya shinshina, ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki yana lumshe ido kamar mai sauraron rediyo daga nesa. Sai ya ce wannan ta Ikko ce, santsi gare ta, ba ta tsayawa a harshe. Ko ya ce ta Aba ce, ɗacinta sai ka haɗiye yake biyo ka. Ta Kamaru yakan ce akwai masara a ciki, ta Yamai kuma ya ce ta sha rana a hanya. Daga nan in fito da kwalbar kowa ya gani. In ya canka, mai kwalba zai saya wa tebur farfesu. In ya kuskure, kuma yakan kuskure jefi-jefi, shi zai saya yana dariya. In kuwa kwalbar baƙuwa ce, daga garin da bai taɓa ɗanɗana ba, ba sunan gari ake tambayarsa ba. Sai ya faɗi abin da ke cikinta, dawa ce ko masara ko shinkafa, ɗaci ya fi yawa ko zaƙi, sannan a raba sauran kowa ya kurɓa ya ji ko gaskiya ya faɗa. Ni aka naɗa alƙali saboda ba na sha, kuma kowa ya san ba na ƙarya.

Shekara kusan ashirin ana haka. Mutane sukan taso tun daga bakin tasha da Kwaciri don kallo, har da tsofaffin abokan aikinsa Musulmi, su sayi lemo su zauna a gefe suna yi masa kirari. Ku fahimci wannan, domin shi ne zuciyar maganar. Daga Litinin zuwa Juma'a babanku tsoho ne mai bin layin fansho, wanda yaran ofis suke ce wa ya dawo wani mako. Ranar Asabar kuwa in ya ɗaga kofi, ko ƙuda ba ya motsi a shagon. Tun yammacin Juma'a yake goge rigarsa da kansa, ba ya yarda in taɓa masa dutsen guga.

Sai shekarar korona, da aka kulle gari. Mu duka biyu zazzaɓi ya kayar da mu. Ni na tashi cikin mako guda, shi ya yi uku a kwance. Da ya miƙe muka yi godiya ga Allah, muka ɗauka shi ke nan. Wata rana na yi miyar kuka, hankalina yana wani wuri, na manta ban sa gishiri ba, ban sa daddawa ba. Sai da na kai loma ta farko na gane. Na ɗaga kai ina jiran tsiya, domin mutumin nan in na canza mai sayar mini da ruwa sai ya sani a tuwo. Ya cinye tas, ya suɗe hannu, ya ce sannu da aiki. Washegari na yi abin da har yau nake jin nauyinsa: na zuba masa gishiri cokali biyu a koko maimakon sukari. Ya shanye ina kallo, fuskarsa ba ta ko motsa ba. Na ɗauki kwanon na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Ban tambaye shi ba, shi ma bai gaya mini ba. Za ku ce me ya hana. Ku yaran yanzu komai sai an zauna an tattauna. Mu shekara arba'in da ɗoriya muna tare, kuma akwai abin da in na faɗa da baki na tabbatar da shi ke nan. Na yi ta jira ko harshen zai dawo, don na ji wasu nasu ya dawo bayan wata ɗaya ko biyu. Na riƙa ƙara yaji a miya har ni kaina ina hawaye, shi yana ci kamar farar shinkafa.

Da aka buɗe gari, Oga Emeka ya leƙo ya ce ranar Asabar tebur zai dawo, ya riga ya sanar da kowa. Yammacin Juma'a babanku ya goge rigarsa kamar kullum, ya rataye ta, ya zauna a bakin gado yana kallon ta. Ni ina falo ina kallon kabad ɗin kwanuka, a nan idona ya faɗa kan kofunan gilashin nan guda shida da kuka taso kuna gani ba a sha da su. Kowanne da garinsa. Mai hannu a Kaduna ya sayo shi makon aurenmu. Dogon siririn daga Ikko ya zo da shi. Mai zanen fure na kasuwar Aba ne. Kore ƙanwarsa ta aiko daga Garwa, mai kaurin gindi mun sayo shi a Yamai da muka je biki, ƙaramin kuma ni na sayo a Kwatano lokacin da nake sarin atamfa. Duk duniya mu biyu kaɗai muka san tarihinsu.

Ranar Asabar na gaya wa tebur cewa tun da ya yi ciwon nan ba ya shan komai sai da kofunan gida, kowa ya gyaɗa kai, lokacin ai kowa tsoron kofin wani yake yi. Oga Emeka ya miƙo kwalbarsa. Na shiga bayan labule na karanta: Aba. Na zuba a mai zanen fure, na kawo na ajiye. Babanku ya dubi kofin. Ya ɗaga kai ya dube ni, kallon da ya fi na kullum tsawo kaɗan. Sannan ya ɗaga shi ga haske, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Emeka, ba ka gajiya da kawo mini ta garinku? Aba ce."

Shagon ya ɗauki tafi. Ni kuma daɗi da kunya suka haɗu mini lokaci guda, ban san wanne ya fi ba. Washegari a coci an ta da waƙa na kasa buɗe baki. Alƙaliyar da kowa ya yarda da ita saboda ba ta ƙarya, ga ta tana cin amanar tebur da kofi. Amma na ga yadda ya taka ya shiga gida ranar, kafaɗa a miƙe, sai na ce wa kaina Allah ya san dalili.

Wata bakwai muka yi a haka, ba mu taɓa cewa uffan a kai ba, ko mu biyu a ɗaki. Kuskurenmu ɗaya ne: bai ƙara kuskure ba. Mutumin da a da yakan sayi farfesu sau ɗaya a wata, yanzu ko sau ɗaya bai faɗi ba. Oga Emeka ɗan kasuwa ne, idonsa yana gane yadi na jabu daga ƙofar rumfa. Wata Asabar ya jawo koren kofin bayan an gama, ya juya shi a hannu, ya ce:

"Baba Yohanna, ciwon nan ƙara wa harshenka kaifi ya yi. Madam kuma, ashe kina da kofuna kala-kala haka ba mu sani ba."

Ya yi dariya, na yi dariya, na karɓi kofin na mayar da shi bayan labule.

Asabar ɗin da kuka sani, Bitrus ya dawo daga wata sabuwar hanya da aka ba shi. Tun Laraba yake yawo yana cewa ya zo da abin da zai kayar da Baba, don haka shagon ya cika har waje, wasu a tsaye. Ya miƙo mini kwalba a nannaɗe cikin tsumma, ya ce akwai biyar irinta a mota. Na shiga bayan labule na warware. Rubutun Faransanci ne da na Larabci, a ƙasa kuma sunan garin: Njamena, ta ƙasar Chadi. Na tsaya da ita a hannu ina kallon kofuna shida a kan tire. In na zuba a kore zai ce Garwa da ƙarfin gwiwa, Oga Emeka kuma ya gama haɗa lissafinsa a gaban jama'a. In na zuba a kofin shago, zai gane baƙuwa ce, dole ya faɗi ɗaci ne ko zaƙi, dawa ce ko shinkafa, sannan a raba wa mutum goma masu harshe lafiya su ji. Mutumin da ya sha koko da gishiri ya ce sannu da aiki. Na yi tunanin in sake ta ta fashe a ƙasa, amma ga biyar a mota, kuma hanyar ta zama ta Bitrus, kowane wata zai kawo. Ta cikin labulen na hango babanku da gogaggiyar rigarsa, hannuwansa biyu a kan tebur, yana jira na.

Ban zuba a kowane kofi ba. Na buɗe kwalbar na fito da ita, na tsaya a gabansa, na tuntsurar da ita a ƙasa har kumfar ta taɓa masa takalmi.

"Na gaji," na ce, da muryar da ban san ina da ita ba. "Shekara ashirin ina zuba wa tsoho giya kamar yarinyar otal. Likita ya hana shi, a coci ana nuna ni da baki, ku kuma kun mai da mini miji abin kallo. Daga yau babu wannan wasa a shagona. Mai sha ya sha ya tafi gidansa."

Babu likitan da ya hana shi komai, ƙarya na yi. Tun da muka yi aure ban taɓa ɗaga masa murya ba ko a ɗaki, balle a gaban maza. Kowa yana jiran ya tsawata mini, kuma da ya ce kalma ɗaya da na koma bayan labule, don ban shirya abin da zan yi bayan nan ba. Ya dubi kumfar da ke ƙasa, ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan rigarsa.

"To, kun ji mai shago," ya ce. Ya shiga gida.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Aka sa masa suna mijin-ta-ce. Oga Emeka ya yi shekara guda in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Masu zuwa kallo suka watse, tebur huɗu suka koma biyu, daga baya na rufe shagon gaba ɗaya. Kai kuma Iliya, ka taso daga Kaduna a makon, ka tsaya a ƙofar kicin ko zama ba ka yi ba.

"Mama, me Baba ya yi miki? Abu ɗaya ya rage masa, shi ma kin ƙwace."

Na ci gaba da yankan kuɓewa. Maganar ta yi mini ciwo fiye da duk zagin layin, amma ban ga laifinka ba, don ka faɗi abin da ka gani ne. Abin da na saya da duk wannan shi ne, har gobe in ka shiga Sabon Gari za ka ji ana cewa ba a sake yin harshe irin na Baba Yohanna ba, matarsa ce ta kashe wasan yana kan ganiyarsa. Ranar jana'izarsa Oga Emeka ya faɗi haka a gaban mutane, ya ce a watanninsa na ƙarshe a tebur ko sau ɗaya bai kuskure ba. Yana faɗa yana kallo na, ya ɗan sunkuyar da kai. Ban tambaye shi me ya sani ba.

Ba zan ce muku na tabbata daidai na yi ba. Kunya biyu ce a gabansa, na zaɓar masa ɗaya ban shawarce shi ba. Wataƙila da na bar shi ya ce musu harshen ya tafi, da sun yi masa jaje sun ci gaba da zama tare, ya sami abokan hira har ƙarshe. Yammacin Juma'a ya zama mini abin tsoro, in ga dutsen guga a kan kabad ba wanda ya taɓa shi. Shekara biyu ya yi bayan nan, yana zama a ƙofar gida yana amsa gaisuwa, bai taɓa yi mini ƙorafi ba, bai kuma taɓa cewa na kyauta ba. Na ɗauka da fushina zai tafi.

Kwana uku kafin ya rasu, da hantsi, Rahila ta fita sayo magani, muka rage mu biyu. Ya ce yana jin ƙishirwa. Na ɗauko kofin roba, ya girgiza kai, ya nuna kabad da ido. Na buɗe na ɗauko mai hannun, na ɗauraye ƙurar, na zuba masa ruwan randa. Na tallafi kansa. Ya ɗaga kofin ga hasken taga, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Kaduna ce," ya ce.

"Ka canka," na ce.

Ya yi ɗan murmushi, ya rufe ido har na ɗauka barci ya kama shi. Can ya buɗe ido.

"Talatu, wadda kika zubar ranar nan, ta ina ce?"

Ya daɗe bai kira ni da sunana ba. Na ce ta Njamena ce. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai ƙirga wani abu a zuci.

"Ba mu da kofin Njamena."

"Ba mu da shi, Baban Iliya."

"Na san za a rina," ya ce. "Da na ga kin daɗe a bayan labule, addu'a nake yi Allah ya ba ki dabara. Ashe kin sha zagi saboda ni."

Ya miƙo mini kofin, ya riƙe hannuna a kan hannun kofin, na shanye sauran ruwan.